Tarkon Kumfar Iska Mai Tantanin PTFE: Amfaninsa da Iyakarsa a Zafin Kano

Duk wanda ya taɓa tura ruwa cikin cif ɗin maikirofuluwidik, wato ɗan faifan nan mai magudanan ruwa da faɗinsu bai wuce kaurin gashin kai ba, ya san cewa kumfar iska guda ɗaya ta isa ta rushe aikin yini. Wannan sharhi ne a kan kayan aikin da ake sayarwa domin wannan matsala, wato tarkon kumfa mai tantanin PTFE (robar nan da aka fi sani da Teflon), wanda ake ɗaurawa a kan tiyo tsakanin famfon sirinji da cif. Mun daɗe muna aiki da shi a ɗakin gwaje-gwajenmu a nan birnin Kano, da bazara da damina da hunturu, kuma ra'ayina shi ne kayan aiki ne na gaskiya da ke cika alkawarin da aka rubuta a takardarsa, sai dai alkawarin bai game dukkan matsalar da muke fama da ita a garin nan ba. Yana kama kumfar da ta taso daga sirinji ta nufo cif. Kumfar da ke tsirowa a cikin cif ɗin kuwa, wadda zafin garinmu ke yawaita ta, ba shi da iko a kanta ko kaɗan. Ban ambaci sunan kamfani ba, domin kamfanoni da dama a Turai da Amurka suna sayar da shi bisa ƙira kusan iri ɗaya, kuma abin da zan faɗa ya shafe su gaba ɗaya.

Wataƙila wani ya ga kamar wannan fanni ya yi mana nisa, alhali ya daɗe da shigowa asibitocinmu. Katirij ɗin GeneXpert da ake gano tarin fuka da shi, gwajin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a ƙarshen 2010, ƙananan ɗakuna ne da magudanai da ke juya samfuri daga wannan sinadari zuwa wancan. Na'urar HemeChip da aka ƙirƙiro a Jami'ar Case Western Reserve ta Amurka domin tantance nau'in himogulobin, wato furotin ɗin jini mai ɗaukar oksijin, a nan Kano aka yi wani ɓangare na gwajinta, kuma dalilin a fili yake, tunda babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan haihuwar jarirai masu amosanin jini. Namu aikin ma a kan sikila yake. Muna tura jini cikin magudanai muna kallon yadda jajayen ƙwayoyinsa, waɗanda faɗin kowace ke tsakanin maikiromita 7 da 8 (maikiromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), suke maƙalewa a bango. Jinin nan daga jikin marasa lafiya aka ɗebo shi, galibi yara, bayan iyayensu sun yarda. Idan kumfa ta ɓata samfuri, ba abu ne mai sauƙi ba a koma a ce wa uwa a sake huda hannun ɗanta, kuma wannan ne ya sa na ɗauki maganar kumfa da muhimmanci fiye da yadda girmanta ya nuna.

A cikin babban bututu, kumfa takan bi ruwa ta wuce ba tare da kowa ya lura ba. A magudana mai faɗin maikiromita 100 kuwa, ƙarfin da ke ɗaure saman ruwa shi ne ke mulki. Lissafin da Thomas Young da Pierre-Simon Laplace suka kafa a farkon ƙarni na 19 ya nuna cewa matsin da ake bukata domin a cusa kumfa cikin mashiga yana ƙaruwa gwargwadon ƙanƙantar mashigar. Ga ruwa zalla, mashiga zagayayya mai faɗin maikiromita 100 tana neman matsin kimanin milibar 30 (milibar dubu ne bar guda, wato kusan matsin iskar sarari), mai faɗin maikiromita 20 kuwa tana neman kimanin milibar 140. Saboda haka kumfa takan isa bakin inda hanya ta matse ta tsaya cak. Idan cif ɗin mai magudanai da yawa ne a jere, ruwan sai ya bar wadda ta toshe ya ƙara gudu a sauran, famfo yana ci gaba da nuna adadin da aka saita masa, mai bincike kuma yana rubuta sakamakon da aka samu da saurin da ba shi ne ya zaɓa ba. Wannan ɓarna ta fi toshewa gaba ɗaya haɗari, domin ba ta nuna kanta.

Akwai kuma matsalar matsuwa. Ruwa ba ya matsuwa, iska kuwa tana yi. Kowane bakanike a Ƙofar Ruwa ya san cewa idan iska ta shiga layin birki, direba zai taka ya ji taushi, ƙarfin ƙafarsa ya ƙare wajen matse iskar maimakon ya isa taya, shi ya sa ba a sallamar mota sai an fitar da iskar. Haka kumfa take yi wa famfon sirinji. Idan aka sauya saurin turawa, sai kumfar ta gama matsuwa kafin canjin ya isa cif, idan aka tsayar da famfo kuma ruwa ya ci gaba da tafiya har kumfar ta gama saki. Ga masu renon ƙwayoyin halitta masu rai a cikin cif, abin ya fi muni, domin gefen kumfa idan ya ratsa ta kansu yakan ɗaye su daga bango ko ya fasa su, waɗanda ta zauna a kansu kuma su bushe.

Tarkon kansa ɗan ƙaramin abu ne da ke shiga tafin hannu. Ɓangare biyu ne na roba mai tauri da ake kira PEEK, an haɗa su da kusoshi masu ɗaurewa, tantanin PTFE fari sirara yana matse a tsakaninsu. A ɓangare ɗaya akwai mashigar ruwa da mafita, da wata 'yar hanya da aka fafe wadda ruwa ke bi yana shafar tantanin. A ɗaya ɓangaren akwai kafa guda da iska ke fita, wadda za a iya barin ta a buɗe ko a jona mata famfon zuƙar iska. Ramukan nasa masu zare ne irin 1/4-28, ana ɗaura musu tiyo mai kaurin inci 1/16 daga waje. Ƙirar tana da kyau ƙwarai. Babu wani abu mai motsi a ciki da zai lalace, babu batir, kuma PEEK da PTFE duk suna jure zafin otokilef, wato tukunyar tururi, na digiri 121, don haka ana iya kashe ƙwayoyin cuta a jikinsa kamar sauran kayan aiki.

Sirrinsa yana cikin tantanin. PTFE, wanda Roy Plunkett ya gano a 1938, abu ne da ruwa ba ya kama shi, kuma a 1969 Robert Gore ya gano yadda ake miƙa shi ya zama mai miliyoyin ƙananan huji. Ruwa idan ya zo bakin waɗannan huji ba ya iya shiga, saboda ƙarfin nan da ke ɗaure samansa, wanda shi ne dai ke maƙale kumfa a cikin cif. Iska kuwa tana ratsawa ba tare da wahala ba. Da zarar kumfa ta taɓa tantanin, matsin da ke cikin layin sai ya tura ta waje, ruwan ya ci gaba da tafiya shi kaɗai.

A kan wannan aiki ba ni da abin da zan ce sai yabo. Lokacin da ya fi kowane haɗari a gwaji mai tsawo shi ne lokacin sauya sirinji, domin komai taka-tsantsan ɗin mutum, ɗan gutsuren iska yakan laɓe a bakin sirinji ko a cikin bawul mai baki uku. Kafin mu samu tarkon nan, sai an tsaya ana bin tiyo da ido ana ƙyasta shi da yatsa. Yanzu ana ganin kumfar tana tafe cikin tiyo, ta shiga tarko, ba ta fito ta ɗaya gefen ba. Mun gwada shi da gangan, muka tura masa dogon layin iska da ya fi cikinsa yawa, a saurin da muke aiki da shi na 'yan maikirolita a minti (maikirolita kashi ɗaya ne cikin dubu na mililita), ya kwashe ta duka. Sai an ƙara sauri sosai ne ake fara ganin ƙananan kumfa suna tserewa, saboda ba su samu lokacin zama a jikin tantanin ba. Abu na biyu da ya sa na yaba masa ya shafi wutar lantarki. Idan aka bar kafar iskar a buɗe, tarkon ba ya bukatar wuta, saboda haka a tsakanin ɗaukewar wuta da tashin janareto, lokacin da famfo ke tsayawa ya sake tashi, kumfar da ta taru a sirinji ta motsa, yana nan a bakin aikinsa.

Akwai sharuɗɗa biyu da takardar ta ambata a gurguje, alhali su ne ke raba nasara da takaici. Na farko, dole tantanin ya kasance a sama da ruwa, domin kumfa sama take tashi, kuma tarkon da aka bari yana kwance a kan tebur yadda tiyo ya ga damar juya shi ba zai yi rabin aikinsa ba. Mu mun ɗaure namu a jikin ƙarfen riƙe kwalba. Na biyu, yana bukatar ɗan matsi daga gaba wanda zai tilasta wa kumfa ta zaɓi tantani. Cif mai matsattsun magudanai yakan samar da wannan da kansa, amma idan magudanan masu faɗi ne, sai an ƙara guntun tiyo mai ƙaramin rami bayan tarkon, ko a jona zuƙar iska. Wanda ba shi da famfon zuƙa yana iya jona babban sirinji a kafar, ya ja shi baya ya tokare, kuma hakan yana aiki na ɗan lokaci. Matsin kuma yana da iyaka ta sama, wadda a irin waɗannan tarkuna takan kasance wajen bar 2, idan aka wuce ta ruwa ya keta tantanin.

To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Ruwa yana ɗauke da iska narkakkiya wadda ido ba ya gani, kuma tantanin da aka bari a buɗe ba ruwansa da ita, tunda ba kumfa ba ce tukuna. Yawan iskar da ruwa ke iya riƙewa yana raguwa idan ya ɗumama. Lita guda ta ruwa a digiri 4, wato sanyin firji, tana riƙe da kimanin miligiram 13 na iskar oksijin, a digiri 20 kimanin 9, a digiri 37 kuwa ba ta kai 7 ba. Idan aka haɗa da naitirojin, kowace mililita guda ta ruwan da aka ciro daga firji aka kai shi zafin jikin mutum tana da rarar iska ta kimanin maikirolita 10 da ba ta iya riƙewa. A duba girman magudana mai faɗin maikiromita 100, zurfin 50, tsawon santimita 2: cikinta gaba ɗaya kashi ɗaya cikin goma ne na maikirolita. Wato rarar iskar da ke cikin mililita guda ta isa ta cika wannan magudana har sau 100. Ba dukkanta ce ke fita a lokaci guda ba, amma kaɗan daga cikinta ya wadatar.

Wannan lissafi ya shafi kowa a duniya, sai dai ya fi tsananta a wurinmu. Waɗanda suka ƙera tarkon suna aiki ne a ɗakunan da zafinsu ke tsaye wajen digiri 20 zuwa 22 dare da rana. A Kano kuwa, a watan Afrilu zafin rana yana kaiwa digiri 40, kuma ɗakin da na'urar sanyaya ta riƙe da safe yana iya ɗumama da digiri masu yawa cikin sa'a guda idan wuta ta tafi, ko idan janareton da aka tayar bai isa ɗaukar na'urar ba. Ruwan da ya ƙoshi da iska a sanyin safiya yana cikin sirinji, ya ratsa tarko tas babu kumfa, ya shiga cif da ke zaune a kan madubin ƙara girma, fitila tana gasa shi daga ƙasa, ɗaki yana gasa shi daga sama. A nan ne, a wata kusurwa ko wani ɗan kaushi na bango, iskar ke samun wurin taruwa ta fara girma a hankali. Da hunturu ma ba a tsira ba, domin tazarar da ke tsakanin sanyin asuba da zafin azahar a watan Janairu tana da faɗi. Na sha ganin masu sabon tarko suna zarginsa da cewa ba ya aiki, alhali idan aka bi tiyon da ido daga tarko zuwa cif babu kumfa ko ɗaya. Ba ta taɓa bi ta cikinsa ba, a cikin cif ta tsiro.

Matsi ma yana da hannu. Dokar da William Henry ya bayyana a 1803 ta ce iskar da ke narkewa a ruwa tana bin gwargwadon matsinta, kuma matsi a cikin cif yana sauka ne daga mashiga zuwa mafita. Shi ya sa kumfa ta fi yawan bayyana kusa da mafita. Maganin wannan bai kai naira ɗaya ba: a ɗaga kwalbar da ruwa ke zuba a cikinta sama da cif, domin kowace santimita 10 ta tsayin ruwa tana ƙara kimanin milibar 10 a dukkan layin. Maganin zafi kuwa shi ne a bar ruwan ya kai zafin da za a yi aiki da shi tun kafin a zuba shi a sirinji, murfin kwalbar a sassauce, ya saki rarar iskarsa a waje. Ruwan gishirin da muke wanke ƙwayoyi da shi mukan sa shi a tukunyar zuƙe iska kafin aiki. Idan an jona wa tarkon famfon zuƙa, yana rage wani abu daga narkakkiyar iskar, amma tantaninsa ƙarami ne kuma ruwa ba ya daɗewa a kansa, don haka ba zan shawarci kowa ya dogara da shi a wannan ba.

Sai iskar da take cikin cif tun kafin a zuba ruwa. Yawancin cif ɗin bincike da PDMS ake yin su, roba mai laushi da ake haɗawa kashi 10 da kashi 1 na mai daskarar da ita, hanyar da ƙungiyar George Whitesides ta Jami'ar Harvard ta yaɗa tun 1998. PDMS ba ya son ruwa, don haka a cikawar farko ruwa yakan tsallake kusurwoyi ya bar iska a maƙale. Tarko ba zai taimaka ba, tunda yana bayan wurin. Amma PDMS iska tana ratsa shi, kuma wannan hali nasa abin amfani ne: idan aka toshe mafita aka riƙe matsi na 'yan mintuna, ana iya kallon kumfar tana ƙanƙancewa har ta ɓace cikin bango. Wanda yake da silindar kabon dayoksaid ta akwatin renon ƙwayoyi yana da wata hanyar, wato ya fara busa wannan iskar cikin cif kafin ruwa, domin ta fi naitirojin narkewa a ruwa fiye da sau 50, kuma duk abin da ya maƙale zai narke da kansa. Hanya ta uku, wadda ta fi yaɗuwa, ita ce a fara cika cif da itanol kashi 70 cikin ɗari, sannan a kore shi da ruwa.

A wannan hanya ta uku ce tarkon yake da rauni babba, kuma a ganina ya kamata a rubuta gargaɗin da manyan baƙaƙe a jikin kwalin. Abin da ya sa itanol ke shiga kowace kusurwa ta cif shi ne ƙarfin ɗaurewar samansa kimanin sulusin na ruwa ne kawai, kuma wannan dalilin ne zai sa ya jiƙa hujin tantanin. Tantani idan ya jiƙe, iska ta daina ratsa shi, ruwa kuma ya fara ɗiga ta kafar iska. Saboda haka dole a cika cif da itanol ta wata hanya dabam, a kore shi sarai, sannan a jona tarko. Tantanin da itanol ya jiƙa yakan farfaɗo idan aka kwance shi aka bar shi ya bushe sosai. Sinadarai masu halin sabulu, irin su Tween 20, su ma suna rage ƙarfin tantanin idan sun yi yawa, furotin ɗin da ke cikin ruwan jini kuwa yana liƙe masa a hankali har ya daina kama kumfa. Wannan ba ya farfaɗowa da bushewa, sai dai a sauya.

Haka nan bai dace da wanda ke jan ruwa ta cikin cif ba maimakon turawa. Idan famfo yana ja, matsin cikin layi yana sauka ƙasa da na ɗaki, sai tantanin ya zama ƙofar shigar iska, tarkon ya koma mai haifar da abin da aka saye shi ya hana. Duk wanda tsarin gwajinsa ke kan ja, ya ajiye kuɗinsa.

Ga masu aikin jini akwai abubuwa guda biyu da babu takardar da za ta gaya musu. Cikin tarko ya fi na cif girma sau ɗaruruwa, kuma a ƙaramin sauri jajayen ƙwayoyi suna kwantawa a ƙasansa kafin su isa inda ake son su, sai jinin da ya shiga cif ya fi wanda aka zuba tsinkewa. Mu mun koma sa tarkon a layin ruwan gishiri kaɗai, samfurin jini kuma mu shigar da shi ta bawul bayan tarko, da hannu, da natsuwa. Abu na biyu ya fi zurfi. Ƙwayar jinin mai sikila tana lanƙwashewa ne idan oksijin ya yi ƙasa, lokacin da himogulobin ɗinta ke sarƙewa ya zama zaruruwa masu tauri. Mai binciken da ya rage oksijin ɗin samfurinsa da gangan domin ya ga wannan, idan ya bi da shi ta tarkon da kafarsa ke buɗe, tantanin zai bar oksijin ɗin ɗaki ya koma cikin jinin. Idan kuma ya jona zuƙa, yana iya rage oksijin fiye da yadda ya nufa. Ko ta wace fuska, abin da ake aunawa ne tarkon ya taɓa. Masu renon ƙwayoyi su ma su lura, domin zuƙa tana janye kabon dayoksaid daga ruwan renon, launinsa ya karkata daga ja zuwa shunayya, alamar cewa ma'aunin tsaminsa ya kauce.

Kula da shi ba shi da wahala. Bayan kowane aiki a wanke shi da ruwa tsarkakakke kafin gishiri ya bushe a kan tantanin. Wajen mayar da kusoshi a riƙa ɗaure su kaɗan-kaɗan, wannan sannan na daura da shi, domin tantanin ya kwanta daidai. Da hunturu kada a buɗe shi a sarari, saboda ƙurar da ke sauka a kan tebur cikin 'yan mintuna tana iya shiga layin ta zama wurin da kumfa za ta kama a cikin cif.

Maganar saye ita ce mai ciwo. Ban same shi a wurin masu kayan ɗakin gwaji na Sabon Gari ba, sai an yi oda daga waje, da yuro ko dala, kuma tun da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023 duk abin da ake saye da kuɗin waje ya yi wa ƙaramin tallafin bincike nauyi. Kuɗin aikowa da na shigo da kaya suna iya kusantar kuɗin tarkon kansa. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne namu ya zo ba tare da mahaɗan da ake ɗaura tiyo da su ba, kuma zaren 1/4-28 ba irin wanda ake samu a kasuwar kayan famfo ba ne. Kayan asibiti da ke cike da shagunanmu, sirinji da bawul da robar ƙarin ruwa, duk bakin Luer gare su, wato irin bakin sirinji da ake sa wa allura, saboda haka sai an samu mahaɗin da ke sada Luer da 1/4-28, in ba haka ba tarkon ya zauna a aljihun tebur ana jiran wata odar. Kamfanin da ke sayar wa ƙasashe irin namu ya kamata ya sa waɗannan ƙananan abubuwa a cikin kwalin.

Ɗalibin da gwajinsa bai wuce rabin sa'a ba, da sirinji guda, ba ya bukatar wannan tarko. Ya ɗumama ruwansa, ya fitar da iskar sirinji da kyau, ya haɗa tiyo da cif ɗigo a kan ɗigo ba tare da iska a tsakani ba, ya ɗaga kwalbar mafita, kuma zai ga yawancin kumfarsa ta kau. Wanda gwajinsa ke kwana, ko yake sauya sirinji a tsakiyar aiki, ko yake renon ƙwayoyi na kwanaki, shi ne ya kamata ya saya, kuma kuɗinsa ba za su tafi a banza ba muddin ya riƙe waɗancan ɗabi'u tare da shi. Ya zaɓi mai ƙaramin ciki idan saurinsa kaɗan ne, ya ɗaura shi dab da mashigar cif gwargwadon iko, a cikin ɗumin da cif ɗin yake ciki, da tiyon PTFE ko na 'yar uwarsa robar FEP a tsakaninsu maimakon na silikon wanda iska ke ratsawa. A odar farko ya haɗa da tantani na canji masu yawa, da mahaɗan 1/4-28 da zobbansu, da mahaɗan Luer, domin tantani ne zai fara ƙarewa, kuma aiko shi shi kaɗai daga Turai ya fi kuɗinsa tsada.